Gidan Jatau a Birnin Gajimare

Tun da kasuwa ta koma cikin wasan intanet ɗin nan, Birnin Gajimare, wanda ba shi da gida a can ba shi da ciniki. Gidajen kuwa ba sa ƙaruwa. Doka ɗaya ce: ka kwana uku ba ka buɗe ƙofarka ba, a ba na gaba a layi.

Jatau tela ya san dokar. Amma ƙanensa ya rasu, shi kuwa ba mutumin da zai ɗaura tabaraun shiga wasa a fuska ana zaman makoki ba ne.

Da aka yi addu'ar uku, ya sa tabarau ya shiga wasan. Ƙofarsa ta ƙi buɗuwa. Ta kan katanga ya hango tantabarun da ya yi shekara goma yana kiwo, suna cin hatsi a hannun Sallau, ɗan unguwarsu.

"Baba Jatau, ya ƙarin haƙuri?"

"Fita mini daga gida."

"Wallahi layi ne ya zo kaina, Baba. Shekara goma sha tara ina jira. Ko na fita, ba kai za a ba ba."

"To, a ina zan karɓi ɗinki?"

"Sai ka sake rajista. Yanzu tun ranar suna ake sa jariri a layi."

Jatau, da shekarunsa saba'in, ya taka har ofishin rajista. Kafin na'urar ofishin ta tambayi sunansa, sai da ta tambayi sunan magajinsa.