Farfelar Maigida

"Dubi yadda take juyawa!" in ji tsohon direban, yana nuna wa mai gyaran wuta farfelar da ya kafa a kan rufi da hannunsa. "Iska kyauta, wuta kyauta. Wata uku ke nan kuɗin wutarmu ya ragu da rabi. Maƙwabta duk sun ƙyasa, kai za ka haɗa musu irinta."

Mai gyaran wuta ya ga kasuwa ta buɗe, har yawunsa ya tsinke. Ya bi wayar daga rufi don ya ga yadda aka yi haɗin. Yana bi yana bi, sai ga ta a bayan ɗakin girki, ɗaure a jikin ƙusa, an shanya zannuwa biyu da wandon maigida a kai.

"Inna, ai wayar nan ba ta shiga ko'ina ba!"

Matar gidan ta yi wuf ta kama hannunsa.

"Rufa mini asiri, ɗan nan. Tun ranar da ya kafa abin nan a tsakar gida yake wuni, baki sake, yana kallon sama. Talabijin a kashe, fanka a kashe. Ashe duk shekarun nan shi ke shanye mana wutar!"