Rumfa Mai Lamba Sha Tara

Bawa ya aza yatsa kan layin, ya ce wa akawun banki ya sake karantawa. Naira talatin, duk wata, zuwa asusun ƙaramar hukuma a Gwandu. Shekara biyar ke nan ana cira.

Mahaifinsa, Alhaji Isa mai hatsi na Kalgo, ya rasu a daminar 1997, asusun shago ya dawo hannun Bawa, ɗa ɗaya tilo. Harajin shago ya gane shi a takardar, kuɗin lasin ma ya gane. Amma Gwandu? Ko tiya ɗaya ba su taɓa aunawa can ba.

Akawu ya zaro takardar umarnin biya. Sa hannun Alhaji ne, ba ko tantama.

Washegari Bawa ya hau mota sai Gwandu. Wani dattijo a ofishin haraji, Malam Umaru, ya buɗe rajista ya bi lambar rasit har ya samo. Kuɗin hayar rumfa ne a kasuwa, lamba sha tara, da sunan wata Larai mai fura da man shanu. Kafin a koma biya ta banki, in ji shi, Alhaji da kansa yake kawowa, shekara da shekaru.

Ran Bawa ya ɓaci. Ashe haka ne! Uwarsa Inna Jummai tana gida tana ɗinke zane ɗaya sau uku, tsoho kuwa yana nan yana kiwon wata a ɓoye. Wallahi sai ta amayar.

"Ka koma gida ka tambaya tukuna," in ji Malam Umaru, yana ƙare wa fuskarsa kallo.

Ina! Bawa bai zo neman shawara ba. Ya soke biyan a banki, ya yi shiru wata uku har haya ta taru. Sannan ya biya bashin, ya karɓi rumfar da sunansa. Komai bisa doka, ba mai cewa ya yi zalunci.

Ranar kasuwa ya zaɓa, don idon mutane. Ya iske Larai tana dama fura, doguwar Bafulatana mai furfura, 'yar siririya. Tana hango shi ta ja mayafi ta juya wa bango fuska. Ya jefa mata takarda, ya kira ta maciyar dukiyar marayu, ya sa aka fitar da ƙorenta waje. Ita kuwa ko uffan. Ta naɗe tabarmarta, ta aza kaya a ka, ta bi hanyar Maruda a ƙasa.

Bawa ya dawo Kalgo zuciyarsa wasai, ya zayyana wa Inna Jummai komai, har da yadda kunya ta hana matar dubansa.

Inna Jummai ta saki muciyar da ke hannunta, ta zauna daɓas.

"Ko sunanka ba ta faɗi ba, ko?"

"Da wane baki?"

"Ni ban taɓa haihuwa ba, Bawa. Ran da anka yaye ka, ita ta goyo ka ta kawo man. Bafulatana ba ta ɗaga ido ta dubi ɗanta na fari."