Takardar Shiga Ruwa

Shekara tara ke nan da hana kowa shiga ruwa saboda fari. Masu ciwon gaɓoɓi kaɗai ake ba takardar shiga tafkin asibiti.

Hansatu, 'yar shekara ashirin da uku, ta fito daga motsa jikin safe, mayafinta a jiƙe, ta sauko matakala babu sanda. Yayanta Sidi, da ya zo ɗaukarta a babur, ya zuba wa mayafin ido.

"Yaya, yau na durƙusa! Wata mai zuwa a tsaye zan yi sallah."

"In kin warke ai ƙwace takardar za su yi."

"Su ƙwace mana. Ƙafata nake so."

Sidi ya shafa lafiyayyar gwiwarsa a hankali. "Tsakani da Allah, ciwon yana da zafi sosai?"