Masu Gudun Kifi da Shekarar da Fadama Ta Ƙi Janyewa

Tanimu, uwarka ta kunna mini muryarka a waya, na ji ƙorafin duka. Wai a ƙasar da ka je ƙanƙara ta rufe hanya wata huɗu. Wai mai horar da ku ya ce kwana uku a mako ka ɗaura dogayen katakai a ƙafa, ka riƙe sanduna biyu kana tura kanka, kai kuma ka ce ɗan tsere ne kai, ba ka haye teku don wasan sulu ba, za ka jira ƙasa ta bushe. Ni ban san wata ƙanƙara ba sai wadda ake jefawa a zoɓo, kuma na gaji da faɗa, ƙirjina ba ya ɗauka yanzu. Misali ɗaya zan ba ka, maigidan banza, in ka ga dama ka ɗauka.

A wani gari na bakin kogi, tun mota ba ta san hanyar ba, an yi mutum biyu da gudu ne sana'arsu. Masunta na fito da kifi da sassafe, su kuma su ɗora kwando a ka su ruga kasuwa kafin rana ta ɓata shi. Makonsu a tsare yake. Lahadi kasuwa mai nisa, sai sassarfa a ja numfashi. Talata ta kusa, a nan ake zuba gudu. Alhamis hanyar tudu, mai cin cinya. Juma'a su miƙe ƙafa, matansu su gasa musu da ruwan zafi. Ɗaya dogo ne, in ya ɗaga ƙafa sai ka ce barewa. Ɗayan gajere, kullum ƙeyar dogon yake kallo. Masuntan kuwa suna da al'ada: kasuwar farko bayan ruwan damina ya janye, wanda ya fara isa shi ake ba giwan ruwa da manyan kifi shekara guda cur, na baya ya kwashi tarkacen da ya rage. Shekara tara dogon ne ke ɗauka.

Sai aka yi wata damina da fadama ta cika ta ƙi janyewa. Da can sati uku take yi ta ba da hanya, wannan karon wata uku ba inda za ka sa ƙafa. Gajeren ya je wurin wani mai kwalekwale ya roƙi doguwar sandar tuƙi, ya ce zai riƙa ƙetarar da mutane ko ba lada. Bai sauya tsarin makonsa ba. Lahadi doguwar ƙetara, Talata gajera da sauri, Alhamis ya tunkari inda ruwa ke da ƙarfi, Juma'a hutu. A tsaye ake wannan tuƙin, ƙafa a kafe, ƙugu na murɗawa. Tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe, sau biyu yana faɗawa ruwa mata masu wanki suna shewa. Dogon yana gindin giginya yana dara, kwano a gefe. In kwalekwalen ya zo wucewa sai ya ɗaga murya: "Kai ɗan kwaɗo, ƙafar da Allah Ya ba ka ce ta gaza ka koma ta itace?" Gajeren ya ce, "Ƙirjin dai ɗaya ne, Yaya," ya ci gaba da tura sandarsa.

Da ruwa ya janye, saura kwana uku kasuwa. Nan dogon ya miƙe, ya ce abin da wata uku ya ɗauke zai dawo da shi a kwana uku. Ya yi gudu safe, ya yi da la'asar, ya sha jiƙo, matarsa ta ƙarar da man shanun gidan a ƙwaurinsa. Ranar kasuwa ya fita kamar kibiya, har rabin hanya ba mai ganin ƙurarsa. A gindin tudu numfashi ya ƙare, jijiyar ƙwauri ta ɗaure kamar an ɗaura igiya an ja. Ya sauke kwando ya durƙusa. Gajeren ya zo da sassarfarsa ta kullum, bai ƙara ba, bai rage ba. Ko dariya bai yi ba, sannu kawai ya ce ya wuce. Dogon ya shiga kasuwa bayan azahar yana ɗingishi, ƙuda na binsa, cikin kifin ya kumbura. Bayan rumfuna ya juye wa ungulu. Masunta ba su zage shi ba, ba su kuma ji tausayinsa ba. Washegari suka tura masa kwandon tarkace. Wata shekarar ya roƙi sanda shi ma, amma jijiyar nan ba ta sake saki ba, kuma shekaru sun riga sun hau.

Ba mugu ba ne, ba ma za a ce rago ba, don ya sha wahala a kwana ukun nan fiye da yadda ɗan'uwansa ya sha a wata uku. Wahalar ce ta zo a makare. Shi ya sa mutanen da suka riga mu gajiya suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.