Mai Fito da Layin Masassaƙi

Habila, dawo ka zauna. Ni dattijo ne a ikilisiyar nan, kuma ni na tsaya maka ranar aurenka, don haka ba zan yi maka kwana-kwana ba. Ka ce mini shekara uku ke nan kana bin matar da ba taka ba, ka san Maganar Allah ta hana, amma har yau ko ciwon kai ba ka yi ba. To, buɗe kunnenka ka ji wani misali.

An yi wani mai fito a bakin wani babban kogi. Da tsohon kwalekwalensa ya ruɓe, sai ya je wurin masassaƙi aka yi masa sabo da gungumen maɗaci. Wata biyu masassaƙin nan yana fama da gizago. Ranar da za a tura jirgin ruwa, ya zaro ƙarfen da ya yi ja daga wuta, ya ja layi a jikinsa tun daga goshi har baya, ya ce, "Ni na sassaƙa shi, na san abin da zai iya ɗauka. Kowane irin kaya ka loda, kada ruwa ya rufe layin nan." Mai fito ya ce ya ji. Shekarar farko ya kiyaye. Da ruwa ya taɓo layi sai ya gitta filafili ya tare hanya, sauran mutane su jira sawu na biyu ko da suna zaginsa. Wata ranar kasuwa ya gaji tilis, ga mutum biyu kacal sun rage a gaɓa da buhun gero ɗaya. Ya ce su shigo. Layi ya nutse da faɗin yatsa, aka ƙetare lafiya lau. Mako na gaba yatsa biyu. Kafin shekara ta zagayo har awaki yake lodawa a kan buhuna, gansakuka ta rufe layin, shi kansa bai ƙara sanin inda yake ba. Mutane suka riƙa yabonsa, wai a wurinsa ba a jira. Sau biyu masassaƙin yana aiko masa da gargaɗi. Mai fito ya yi dariya, ya ce tsoho ya san itace, shi kuwa ya san ruwa.

Ana tsakiyar marka kogi ya cika ya yi ja. Rannan ya lodo jirgi har baki, cikin fasinjojin akwai yayarsa, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, tana dawowa daga kasuwa da tukwane. Ba hadari, ba guguwa. Sun kai tsakiyar ruwa sai wata 'yar iska ta taso, akuya ta zabura, mutane suka karkata gefe ɗaya. Da an bar wa jirgin tazarar da mai yinsa ya ce, da tangaɗi kawai zai yi ya miƙe. Amma babu sauran tazara. Ruwa ya kwararo ta baki, jirgi ya kife. Shi mai fito gwanin iyo ne, bai sha ko kurɓi ɗaya ba. Ya yi ta nitso yana fitowa har ya tsamo mutum huɗu. Mutum uku ba a gan su ba, ciki har da yayarsa. Yayarsa sai a kwana na uku masunta suka same ta, ta maƙale a cikin ciyawa can gangare. Bayan an binne ta, ya taka har gidan masassaƙi, ya faɗi ƙasa yana kuka. Tsohon bai kore shi ba. Ya ɗaga shi, ya gyara masa jirgin, ya kankare gansakukar, ya sake ƙona layin. Daga ranar, ko hakimi ne ya zo bayan ruwa ya taɓo layi, sai ya jira. Ya ƙara shekara ashirin yana fito, bai sake rasa ko kaza ba. Amma yayarsa ba ta dawo ba, kuma shi ya rene marayunta, kullum suna cin tuwo a gabansa da kamanninta a fuskarsu.

Ka gane, Habila? Wanda ya yi ka shi ya ja maka layi, ba don ya ƙuntata maka ba, don ya san abin da za ka iya ɗauka. Shirun da ka gani shekara uku haƙurinsa ne, ba yardarsa ba. Yana ba ka lokaci ka tuba. In ka tuba zai gafarta, wannan ba na shakka. Sai dai gafara ba ta tsamo wanda ya riga ya nutse. Kuma ba kai kaɗai ba ne a jirgin nan, matarka tana ciki, 'ya'yanka uku suna ciki, ba su san ruwa ya wuce layi ba.

Yau za ka yanke wannan hanya, ba gobe ba. Tashi mu je, zan raka ka har ƙofar gidanka. Hausawa sun ce, wanda bai ji bari ba, zai ji hoho.