Sakamakon Jinin Eulalio

Da likitar kamfanin rake ta kira sunansa, Eulalio ya tsaya a bakin ƙofa. Wata uku ke nan gajiya ta ƙi sakinsa. Ya kwana, ya tashi kamar an yi masa duka. Mu da muka shekara arba'in muna saran rake a yankin Chinandega, muka binne sa'o'inmu muna nan daram, mun san inda irin wannan gajiya take nufa: ƙoda. Kuma kamfani ba ya ɗaukar kowa sai an gwada jininsa ya fita lafiya. In ya faɗi gwajin, yaransa huɗu ba abinci.

Ƙanensa Nemesio ne ya kawo shi a babur. Ƙato ne, wajen ɗan kwangila yake sara, inda ba a gwada kowa. Sai ya wuni a rana bai kurɓi ruwa ba.

"Shiga mana, tsoho," in ji shi. "Takarda ce, ba cizo take ba."

Likita ta rufe ƙofa.

"Malam Eulalio, kana shan ruwa a gona? Kana hutawa a inuwa?"

"Daidai gwargwado, likita."

"Ƙodarka ta kusa tsayawa. In ka ƙara kaka ɗaya cikin ranar nan, ba za ka ga ta baɗi ba."

Eulalio ya leƙa ta taga. Nemesio yana wasa addarsa, yana fito.

"Likita, ba ni za ki gaya wa ba. Ranar gwaji tsoro na ji, na ba ƙanena katin aikina, ya zo a madadina. Jininsa aka ɗiba."