Ranar Da Madam Ba-Ruwana Ta Durƙusa

Kujeru sittin Fasto ya jera don addu'ar Laraba, mutum bakwai suka zo. Biyu ma a cikinsu sai satar kallon agogo suke yi.

Ya san wadda ta kwashe masa jama'a. Madam Ba-Ruwana ce, tauraruwar wasan da ake nunawa a talabijin ƙarfe biyar na yamma, daidai lokacin addu'a. Mace ce mai motoci uku, ba ta gaida kowa, kuma ta ce ita ce Allahn kanta. Fasto bai taɓa kallon wasan ba, bai kuma yarda akwatin ya shigo gidansa ba. Amma abin yana ci masa rai, har abinci ya daina yi masa daɗi.

Sai ya mai da ita kan wa'azinsa na Lahadi.

"Irin wannan mace, ku zuba ido, sai ta kori uwarta daga gida."

Bayan mako biyu Madam ta kori uwarta. Ya ce za ta sayar da zoben aurenta, ta sayar. Ya ce za ta yi wa mai gadinta sharri, ta yi. Nan fa dattawan coci suka fara raɗe-raɗin Fasto yana da baiwar annabci. Jama'a kuwa suka ƙara manne wa talabijin, wai don su ga cikar maganar bawan Allah. Bakwai ɗin nan suka koma huɗu.

Abin da ke sanyaya masa zuciya ɗaya ne, 'yarsa Auta. Yarinyar kirki, tana aikin rubuce-rubuce a wani kamfani cikin gari, amma ba ta fashin sujada. Kullum tana layin gaba da littafinta, ko tari uban ya yi sai ta rubuta. A kan abincin rana ma ba ta barinsa ya huta.

"Baba, mutum irin Madam, me zai sa ya tuba?"

"Sai ya rasa wanda zai kira, 'yata."

Ta rubuta.

Ran nan haushi ya kai shi bango, ya bugi bagade, teburin da ke gaban coci, yana cikin wa'azi. "Masu wasan nan sun san kuɗi, sun san gado, ba su san gwiwa ba. Ranar da matar nan ta durƙusa ta kira sunan Yesu, ni da kaina zan zauna in kalla tare da ku."

Wata guda bai cika ba shugabar zumuntar mata ta zo da saƙo, tana ƙunshe dariya: an nuna tallan kashi na gaba, Madam tana ƙasa a kan gwiwa. Alkawari ya kama Fasto. Aka ɗauko talabijin aka ɗora a kan teburin baiko, inda ake ajiye sadakar coci, kuma a karon farko cikin shekara kujeru sittin suka yi kaɗan.

Ga Madam a ɗakin asibiti, ta buga waya sau biyar ba wanda ya ɗauka. Ta zame ƙasa. Ta gyara murya sau biyu.

"Ubangiji, ka dai ga halin da ake ciki, ba sai na cika ka da surutu ba."

Fasto ya gyara zama. Da kalmomin nan yake buɗe addu'ar asuba a falonsa shekara talatin, har da gyaran muryar, kuma bai taɓa faɗinsu a bagade ba. Mata suna ta share hawaye, wani dattijo yana cewa amin da ƙarfi.

Ya juya ya nemi idon Auta. Leɓunanta suna faɗin kowace kalma kafin Madam ta faɗa. Da aka gama ta buɗe littafinta, ta cire murfin biro.

"Baba, na cika maka kujerun. To yanzu da ta tuba, me zan sa ta yi mako mai zuwa?"